Tambaya da Amsa: Barden zamanin da a hannun ɗan wasan yau

Tambaya: Ni nake jagorantar wasan Dungeons & Dragons, wasan labari na kan tebur da kowa ke taka rawar jarumi guda, ga mutum biyar. A zamanmu na ƙarshe sun kama abokan gaba huɗu da suka ajiye makamai, sai mai wasa da barde ya kashe su duka, ya ce ai haka ake yi a tsakiyar zamani. Sauran suka ce wannan kisan gilla ne, zama ya watse. Wa ke da gaskiya? In mayar da jaruminsa mugu a takardar da ake rubuta halayensa? Daga Aminu

Amsa: Malam Aminu, hujjar ɗan wasanka ba ta da ƙafar tsayawa, ko da an auna ta da ma'aunin zamanin da yake faɗa. A Turai ta tsakiyar zamani, barden da aka kama da rai dukiya ne. Sai da aka yanka wa Sarki Richard na ɗaya na Ingila fansar mak (ma'aunin azurfa) 150,000 kafin a sake shi a 1194, Sarki Jean na biyu na Faransa kuwa, wanda aka kama a yaƙin Poitiers a 1356, an sa masa ekyu (kuɗin zinariya) miliyan uku. Barde in ya ajiye takobi ya ba da kansa, ya shiga amanar wanda ya kama shi, kashe shi kuma cin amana ne da asara. A yaƙin Agincourt a 1415 Sarki Henry na biyar na Ingila ya ba da umarni a kashe fursunonin Faransa, amma marubutan lokacin sun ruwaito cewa barade sun yi nauyin jiki, sai maharba aka tura. Inda abin yake da muni shi ne, wannan kariya ta masu hali ce. Sojan ƙasa da ba wanda zai biya masa fansa, sau da yawa ba a tsayawa kama shi.

Saboda haka kafin zama na gaba ka amsa wa kanka: su wane ne waɗannan huɗun, wa suka miƙa wa wuya, wa ya gani? In akwai ɗan babban gida a cikinsu, danginsa za su nemi diyya ko jini. Ubangidan barden ma yana da magana, domin a rundunonin Ingila na ƙarni na 14 da na 15 shugaban runduna yana karɓar kashi ɗaya cikin uku na ganimar yaransa, har da kuɗin fansa. Ɗan wasanka ya jawo wa ubangidansa asarar kuɗi ke nan. In kuwa talakawa ne, fada ba za ta ce uffan ba, amma ƙauyensu zai rufe musu ƙofa, limamin coci ya ƙi sa musu albarka. Sannan abin da ya fi cizo: labari ya bazu cewa wannan tawaga ba ta barin mai miƙa wuya. Daga yau duk wanda suka tare zai yi faɗa har numfashin ƙarshe, kuma ba sauran fursunan da zai nuna musu hanya. Ka bar wannan ya yi aiki zama uku ko huɗu.

Batun takarda, ba mu ba ka shawara ba. Tsarin wasan na rarraba jarumai bisa ɗabi'arsu ya fara da gida uku a 1974, daga baya ya zama tara, kuma an gina shi ne a kan cewa alheri da sharri a fili suke a duniyar wasan. Da ka goge "nagari" ka rubuta "mugu" da hannunka, ɗan wasa zai ji shi ka yanke wa hukunci, gardama ta bar labari ta dawo tebur. Ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa sauran ba su ji daɗi ba. Wannan magana ce ta mutane biyar masu rai, ƙwayar jifa (dice) ba ta warware ta.

Tambaya: Ina so duniyata ta yi kama da tsakiyar zamani sosai, amma ina tsoron in sa bauta da azabtarwa da danne mata, mutanena su daina zuwa. In kuma na cire su, sai ka ga kamar mutanen yau ne sanye da sulke. Yaya zan yi? Daga Hadiza

Amsa: Malama Hadiza, yawancin jagorori a nan suke tuntuɓe, suna ɗauka zalunci ne yake ba duniya ƙamshin zamanin da. Abin da ya fi bambanta mutanen can da mu shi ne nauyin rantsuwa, da cewa kowa yana ƙarƙashin wani, da cewa doka ba ta auna mutane da mudu ɗaya. A dokokin Anglo-Sakson, diyyar talaka mai 'yanci shilin 200 ce, ta basarake 1,200. Ki sa alƙalin gari ya faɗi wannan hankalinsa kwance, a gaban jaruman da aka kashe wa aboki manomi. 'Yan wasa za su ji baƙon zamani ba tare da an zubar da ɗigon jini a gabansu ba.

Shari'a ma haka. Wanda ake zargi yakan kawo mutane su rantse tare da shi, ko ya ɗauki ƙarfe mai zafi ya yi tafiyar ƙafa tara, a naɗe hannun, bayan kwana uku a duba ko ciwon yana warkewa. Coci ta janye limamanta daga wannan a 1215, a babban taronta na Lateran na huɗu. A Ingila mai laifi yana iya shiga coci ya samu mafakar kwana 40, daga nan ko ya fuskanci kotu ko ya rantse zai bar ƙasar. Kowanne daga cikin waɗannan labarin dare guda ne: nemo masu rantsuwa kafin wa'adi, ko tsaron ƙofar coci alhali dangin mamaci suna waje. Sai dai ki tuna da tsafi. In limami a duniyarki yana iya gane ƙarya da addu'a ɗaya, ƙarfe mai zafi ba shi da amfani, don haka ki yanke tun farko wa ke da wannan iko, nawa ake biya, wa kuma aka hana.

Su kuma abubuwan da kike tsoro, ki ware rabin awa kafin a fara kamfen, wato dogon labarin da za a yi ta bugawa zama bayan zama. Kowa ya rubuta a takarda, ba suna, abin da ba ya so ya fito sam, da abin da za a iya ambata a wuce ba tare da an zayyana ba. Ki haɗa, ki karanta, ba muhawara. Abin da mutum ɗaya ya hana, ya hanu. Kada kuma ki rage wa jaruma mace ƙarfi a takarda da sunan tarihi. Duniyar da dodo ke hura wuta ba za ta rushe don mace ta hau doki ba.

In kina son tsarin wasa ya taya ki, ki duba Pendragon na Greg Stafford, wanda ya fito a 1985. Yana jera halaye bibbiyu masu karo da juna, kamar jinƙai da ƙeta, jimillarsu 20. Barde mai jinƙai 16 ƙetarsa 4 ce, kuma idan lamari ya yi zafi a kan jefa ƙwaya mai fuska 20 a ga wanne zai rinjaya. Ba kowa ke son ƙwaya ta zaɓa masa ba, ki tambaye su tukuna.

Tambaya: Wani ɗan wasana yana so jarumarsa ta 'yanta manoman da ke ɗaure da gonar basarake. Wannan ba tunanin yau ba ne? Daga Sani

Amsa: Ko kaɗan, Malam Sani. A 1381 manoman Ingila sun shiga Landan, suka nemi Richard na biyu ya soke wannan ɗauri, a mayar da hayar gona kwabo huɗu a kowace eka. Ya amsa, ya ba da takardu, da tarzoma ta lafa ya janye. Tun kafin nan, a ƙarni na 11, Bishop Wulfstan na Worcester ya yi ta wa'azi a Bristol yana sukar fataucin bayi zuwa Ayalan.

Ka bar ta ta yi, ka dai gyara mata harshe. Ba za ta yi maganar kundin tsarin mulki ko zaɓe ba. Za ta ce Allah ya halicci kowa daga uba ɗaya, kamar yadda limami John Ball ya yi wa'azi a 1381, ko ta ce basarake ya karya al'adar kakanni da ya ƙara kwanakin aikin gandu. Ka ba ta masu goyon baya daga cikin limamai da 'yan kasuwa, ka kuma ba ta masu adawa da ba miyagu ba, irin dattijon manomin da zai tambaye ta wa zai tare musu mahara in basarake ya janye baradensa, wa kuma zai buɗe rumbu a shekarar fari. Ka tanadi amsar basaraken shi ma, domin hatsin da yake ciyar da dakarunsa daga aikin waɗannan manoma yake fitowa.