Ka tura miliyan 5 a sayo maka kayan da ba ka san sunansu ba

Wani mai sana'ar tsuntsaye da kifin ado a Abuja ya rubuto mini: "Ɗan baffana da ke zaune a Amurka ya ce kiwon ƙadangaru a cikin gida ya zama yayi a can, kuma babu mai sayar da kayan kiwon a nan. Na tura masa naira miliyan 5 ya yi mini sayayya. Bayan wata huɗu kaya suka iso. Akwatunan gilashi takwas, uku sun tsage a hanya. Fitilu kwali biyu, duk wadda na ɗaura sai ta yi fat ta mutu. Yanzu ya ce in ƙara miliyan 2 ya sayo taransfoma da ƙadangarun kansu. In sayar da filina in tura?"

Ɗan'uwa, kada ka taɓa filin nan.

Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman abu ɗaya ban gani ba: takardar da ka rubuta sunayen kayan da kake so, da rasidin da aka aiko maka. Ka ce "fitilu kwali biyu". Wace irin fitila? Da mai sayen aku ya zo shagonka ya ce a ba shi "tsuntsu", ai sai ka tambaye shi wane iri. Amma kai ka ɗauki ribar shekaru ka miƙa wa mutum, ka ce ya sayo "kayan ƙadangare", don kawai kakanku ɗaya. Kuskurenka ke nan, sauran duk 'ya'yansa ne.

Dubi abin da ya ƙona fitilunka. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ƙwan fitilar da aka ƙera don 120, in ka ba shi 230, ko minti ɗaya ba zai yi ba. Wannan a rubuce yake a jikin kowane kwali. Da a Ingila ko Dubai aka yi sayayyar, da ƙarfin wutar ya zo daidai da namu, har bakin soket ɗin mai ƙafa uku iri ɗaya ne. Layi ɗaya a takarda, "a tabbata na bolt 220 zuwa 240 ne", da ya tsare maka kwali biyun nan. Ɗan baffanka bai duba ba domin ba kuɗinsa ba ne, kai kuma ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba.

Fitilun ma ai iri biyu ne, aikinsu daban. Akwai fitilar zafi, wadda ake saita wa a gefe ɗaya na akwatin don ƙadangaren ya hau dutse ya sha ɗumi kamar yadda namu ke yi a kan katanga da hantsi. Ƙadangare mai gemu na Ostareliya, wanda aka fi kiwo a ƙasashen Turawa, yana son wurin shan ɗuminsa ya kai kusan digiri 40, ɗaya gefen kuma ya yi sanyi don ya samu wurin gudu. Akwai kuma fitilar UVB, mai maye gurbin hasken rana. Da ita jikinsa ke haɗa bitamin D3, da D3 kuma yake iya cin moriyar kalsiyam. In babu ita, ƙashinsa ya yi laushi, muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su lanƙwashe, ka ga dabba tana jan ciki ba ta iya ɗaga kai. Ita wannan fitila ƙarfinta yana raguwa bayan wata 6 zuwa 12 ana amfani da ita ko da tana ci gaba da haske, kuma gilashi yana tare haskenta. Sai tamostat, na'urar da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima, sai ma'aunin zafi, ma'aunin danshi, da garin kalsiyam da ake barbaɗawa a kan gyare ko fara kafin a ba shi. Tsakar nan mai ɗigo-ɗigo ta yankin Pakistan da Afganistan kuwa da almuru take fitowa, buƙatarta ta haske ba irin ta mai gemu ba ce. Ke nan ba a sayen kaya sai an san dabbar da za a saya wa. Kai ka san wacce aka saya wa naka?

Maganar akwatunan ita ta fi ba ni takaici. Gilashi mai nauyi, mai fashewa, aka ɗauko daga wata nahiya, kai da kake da masu haɗa maka tankin kifi a Abuja. Su da kafinta ɗaya da ragar waya sun isa. Kuma a zafin watan Maris na Abuja, rufaffen akwatin gilashi da fitilar zafi a kai tanda ce. Matsalar Ba'amurke sanyi, tamu zafi da ɗaukewar wuta.

Na taɓa zama tsakanin wasu 'yan'uwa biyu a kan irin wannan. Ƙanin yana waje, wan ya tura masa kuɗi ya sayo injinan aski da busar da gashi. Kaya suka zo, rabi ba sa aiki da wutarmu. Da aka nemi rasidi sai ƙanin ya ce, "Yaya, ni za ka tuhuma?" Uwarsu ta sa baki, aka ce a bar wa zumunci. Wan ya sake turawa don a gyara ɓarnar farko, na biyun ma ya bi na farko. Yau shekaru ba sa gaisawa ko a wurin suna. Ba na zaton ƙanin ɓarawo ne. Babu takarda ne, don haka babu wanda ya iya nuna gaskiyarsa. Haka ɗan baffanka ya zame maka ƙadangaren bakin tulu, kuma kai ka ɗora shi a wurin ranar da ka ji kunyar cewa ya rubuto maka farashi.

Sai batun "babu mai sayarwa a nan", wanda ya ruɗe ka. Wani lokaci dalilin da ya sa babu mai sayarwa shi ne babu mai saye. A garuruwanmu ƙadangare kyauta yake a kowace katanga, tsaka kuwa in an gan ta takalmi ake ɗauka. Cikin masu shigowa shagonka, mutum nawa suka taɓa tambayar fitilar UVB? In kana da littafin da kake rubuta abin da aka nema ba a samu ba, buɗe ka ƙirga. In ba su kai goma a shekara ba, kasuwar a wayar ɗan baffanka kawai take ci. Masu kiwon a Abuja da Legas akwai su, amma 'yan kaɗan ne, kuma irinsu sun san sunan kamfanin da suke so, Arcadia ko Exo Terra ko Zoo Med, ba za su sayi ƙwan da mai shago bai iya yi musu bayaninsa ba.

Dabbobin da ya ce zai turo kuwa, shigo da mai rai yana buƙatar izinin hukumar killace dabbobi da takardar lafiya. Wasu, irin su hawainiya, damo da guza, suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, da ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikinta. Ba a tsallake iyaka da su sai da takardarta, ko shigowa ko fita. In babu, a filin jirgi za a ƙwace, kai kuma ka shiga amsa tambayoyi.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Rubuta masa cikin ladabi, ka ce kana rufe lissafin shekara, ya turo maka rasidin kowane abu da takardar kuɗin dako. Shagunan can suna tura rasidi ta imel, nemo shi ba ya ɗaukar awa guda. Zazzage kwalayen, ka rubuta sunan kowane kaya da bolt ɗinsa a littafi, kada ka ƙara gwada ko ƙwai ɗaya a soket. Taransfoma mai sauke wuta zuwa bolt 110, kusa da na Amurka, akwai ta a kasuwar kayan lantarki a nan gida, sayi ɗaya ka gwada ragowar. Akwatuna biyar masu lafiya ka sayar wa masu kiwon kunkuru da ƙananan dabbobi, ko da faɗuwar kashi 30 cikin ɗari ne, kuɗin ya koma tsuntsayen da ka san cinikinsu. In rasidan suka zo, ka haɗa jimillarsu ka cire daga miliyan 5, abin da ya rage ku zauna a kansa gaban baffan naka.