Tambaya da Amsa: Wane ƙarfe ya fi dacewa da wuƙar mahauci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mahauci ne a unguwar Bagalam, a nan Maraɗi, kuma fawa gādo na yi daga mahaifina. Bara, gab da Sallar Layya, na ba wani maƙeri aikin wuƙaƙe biyu. Ɗaya ta dakushe kafin in gama feɗe akuya ta uku, ɗayar kuwa bakinta ya ɓantare da ta ci karo da ƙashi. Bana ina so in kai ƙarfen da hannuna. Wasu sun ce in nemi sifirin ɗin mota, wasu sun ce tsohon magagari, ƙanena kuma ya nace cewa farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wato inoks, ya fi su duka. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri idan an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai, shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga da shi yana da kimanin kashi 0.2 cikin 100, rodin gini ma galibi bai fi haka da yawa ba, saboda haka ko wane gwani ya ƙera su ba za su riƙe kaifi ba. Ina kyautata zaton wuƙarka ta farko daga irin wannan ƙarfe ta fito. Ta biyun kuwa ƙarfenta mai kyau ne, tauri ne ya yi mata yawa, kuma zan zo ga dalilin haka.

Idan ƙarfe ɗaya za ka kai, to ka kai sifirin. Nau'in da aka fi sani da shi, wanda a Amurka ake wa lamba 5160, yana da kabon kimanin kashi 0.6 cikin 100 da wani sinadari mai suna kuromiyom ƙasa da kashi 1, kuma tun asali an yi shi ne don ya lanƙwasa ƙarƙashin kaya ya koma yadda yake ba tare da ya karye ba. Wannan hali shi ne abin da wuƙar yanka da addar sara suke buƙata, domin kullum suna haɗuwa da ƙashi da guringuntsi. Yana kuma yafe wa maƙeri ƙaramin kuskure a wuta. Aibinsa shi ne tsufa: sifirin ɗin da ya shekara goma yana ɗaukar buhunan wake tsakanin Dakoro da Jibiya yakan ɓoye tsaga siririya wadda ido ba ya gani sai an wasa. Ka guji guntun da ya karye a jikin mota, ka kuma guji wurin hudar tsakiya.

Magagari mai kyau yana da kabon kusan kashi 1 cikin 100 ko fiye, don haka yana yin kaifi irin na aska, yana kuma daɗewa bai dakushe ba. A nan ne wuƙar fiɗa ta shigo, kuma ba sai na gaya wa mahaucin Maraɗi darajar fatar jar akuya ba. Wuƙa mai dakushi tana sa a danna da ƙarfi, dannawar ce ke huda fata, majema kuma su karya mata kuɗi. Amma wuƙar magagari ba ta son ƙashi ko kaɗan, kuma akwai magagarai masu araha da fatarsu ta waje kawai aka taurara, cikinsu ƙarfe ne mai laushi. Zoben boris, wato zoben ƙarfen da ke taimaka wa ƙafar mota juyawa, shi ma yana da kabon kusan kashi 1, sai dai yana wahalar da masaba, kuma ba kowane maƙeri ne ya san hannunsa ba.

Ƙanenka yana da gaskiya a kan tsatsa kaɗai. Inoks, wanda Harry Brearley ya samar a garin Shefild na Ingila a 1913, yana ɗauke da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ne ke kāre shi daga jini da ruwa da gishiri. To amma nau'in da ake yin tukwane da cokula da shi ba ya taurara da wuta sam, wanda ake yin wuƙa da shi kuma yana buƙatar zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Selsiyos a riƙe shi daidai na ɗan lokaci, abin da ba a iya sarrafawa da gawayi da zuga-zugi. Idan wuƙar inoks kake so, ka saye ta ƙerarriya daga masana'anta, kada ka kai wa maƙeri ɗanyen ƙarfenta.

Yanzu ga batun wuƙarka da ta ɓantare. Ana gasa ƙarfe har ya yi ja sosai; a kusan digiri 770 maganaɗisu yake daina kama shi, sai a ɗan ƙara wuta kaɗan zuwa 800 da 'yan kai, sannan a tsoma. Ga sifirin, mai ya fi ruwa, domin ruwa yana sanyaya shi farat ɗaya ya tsaga shi, kuma man gyaɗa da aka ɗan ɗumama ya fi baƙin man inji, wanda hayaƙinsa ke cutar da ƙirji. Bayan tsomawa wuƙa tana da tauri irin na kwalba, sai an goge ta an sake ɗumama ta a hankali zuwa kimanin digiri 200, inda bakinta zai ɗauki launin busasshen karan gero. Wannan mataki na biyu shi ne wanda ake yawan tsallakewa idan aiki ya yi yawa a jajibirin Sallah. Idan kuwa aka bari bakin ya kai shuɗi, to ya yi laushi ga fiɗa, ko da yake adda za ta iya zama da shi. Maƙeran da suka san aiki sukan bar tsomawa sai da yamma ko cikin inuwar rumfa, domin a hasken rana ba a gane jan ƙarfe.

Kafin ka biya kuɗin ƙarfe, ka sa a ɗora shi a injin wasa wuƙa: mai kabon da yawa tartsatsinsa yana fashewa yana rassa, mai laushi kuwa tartsatsinsa dogo ne miƙaƙƙe. Idan an gama wuƙar, ka goga mata sabon magagari a baki. In ya ci ta cikin sauƙi, ba ta yi tauri ba. Ka kai aikin tun watan Shawwal, sifirin don yanka da sara, magagari don fiɗa, kuma ka riƙa goge su ka shafa musu mai bayan kowane aiki, tun da dukansu biyu suna tsatsa.