Mota ta ƙi tashi, sai "ƙas" kaɗai: demarer ne ko batir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla a nan Tawa. Kwana uku ke nan, in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, moter bai juyawa. Wani lokaci a karo na biyar ko na shida ta tashi. An ce in sayi sabon demarer. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kai hannu aljihu tukuna. Demarer da yawa an cire su an yar alhali lafiyarsu lau.

Fara da batir. Kunna fitilun gaba, wani ya murɗa makulli kai kana kallo. In hasken ya dushe sosai, ko ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, wuta ce ba ta isa. A auna: batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12,6 in mota na kashe, 12,2 kuwa rabin caji ne, kuma lokacin tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9,6 ba. Zafin Afrilu da Mayu a Adar yana ƙafar da ruwan batir, shi ya sa namu ba su daɗewa. Duba kawunansa ma. Wannan farin garin da ke taruwa kansu kamar kanwa ya isa ya tare wuta, don demarer na jan amper fiye da 100. Kankare shi, ka ɗaure tamau, ka bi wayar mas, wato ta kan batir mai alamar ragi, har inda ta kama jikin mota da moter.

To amma alamarka ta fi kama da wani abu daban. "Ƙas" ɗaya mai ƙarfi, fitilu ba su dushe ba, sai an nace ta tashi: wannan galibi tagullan nan biyu ne na cikin solenoyid, wato makunnin da ke jikin demarer mai haɗa masa wutar batir, suka cinye. Duk tayarwa sai sun yi tartsatsi, a hankali su yi rami, faifan da ke haɗa su ya daina taɓa su daidai. A demarer ɗin Denso da ke kan yawancin Toyota ana canza su su kaɗai, kuɗin bai kai ko kusa da na sabo ba. In kuma sai an ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙarfe yake tashi, sharbo ne, wato 'yan gawayin da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa a cikinsa, suka ƙare. Ƙwanƙwasawar ta fitar da kai daga daji ce kawai, kuma a hankali, don duka mai ƙarfi na fasa maganaɗisun ciki. In yana kuka "wiii" bai kama moter ba, bandis ne, wato ɗan ƙarfe mai haƙora da demarer ke tunkuɗowa ya kama moter.

Idan demarer ɗin ya ƙone, yana warin waya, sai canji. A cire kan batir na mas, mai alamar ragi, kafin komai. Babbar wayar demarer kullum da wuta take, sifana ta taɓa ta ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Sannan a zare ƙaramar fish, a kwance babbar waya da sifana 12, sai kusoshi biyu da suka riƙe shi, yawanci 14 ne. In za a shiga ƙarƙashi, a tokare motar da kyau, jak kaɗai ba abin dogara ba ne.

Tafi da tsohon wurin mai saidawa, nan Tawa ko Yamai. A jera su, a ƙirga haƙoran bandis, a duba ramukan kusoshi. In na okaziyo ne, a gwada shi da batir a gabanka: ya tunkuɗo haƙoran waje, ya juya da ƙarfi. Kafin a ɗaura, haska ramin ka ga haƙoran bolan, wato babban faifan moter da bandis ke kamawa, ba su karye ba, in sun karye sabon ma zai lalace. Kan mas shi ake mayarwa a ƙarshe.

Da ta tashi, a auna batir tana aiki, ya nuna tsakanin 13,8 da 14,4. In bai kai ba, alternater ne, na'urar da ke cajin batir in mota na aiki, bai caji. Kuma kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a murɗa ɗaya, bar shi ya huce rabin minti kafin ka sake.