Ku Tambaya Mu Amsa: Kakar da ƙungiyarka ta ci lig

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam mai fili. Ni ɗan Liverpool ne tun ina yaro kuma akwai abin da ke cina tun kakar 2019/20. Kowa cewa yake mun sha daɗi a kakar nan amma ni wallahi cikin fargaba na yi ta, ko lokacin da muka ba City tazarar maki sama da 20 bakina ya kasa furta cewa mun ci, har abokan kallona ke tsokanata wai ni ɗan United ne na ɓoye. Da muka ɗauka kuma suka koma cewa ai kofin korona ne, ba ya shiga lissafi. Shin ni kaɗai ne haka? Kuma ya gaskiyar maganar kofin koronar nan?
Daga wani masoyin Liverpool.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ba ne, kuma lafiyarka ƙalau. Ai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ku kuwa an sare ku ba sau ɗaya ba. Rabon ku da lig tun 1990 fa. A 2014 kuna gab da ɗauka Gerrard ya zame a gaban Demba Ba a wasan Chelsea, sannan kuka je gidan Crystal Palace kuna cin 3-0 aka farke duka aka tashi 3-3. A kakar 2018/19 kuma kuka tara maki 97, wasa ɗaya tak kuka rasa, amma City ta yi 98, kuma a wannan wasa ɗayan ne John Stones na City ya zaro ƙwallo daga kan layi saura milimita 11 ta gama tsallakawa. To mutumin da ya ga duk wannan da idonsa ta yaya za ka ce masa ya saki jiki don an ba shi tazara a watan Disamba?

Abin da mutane ba sa ganewa, wanda ke kallo daga waje teburi yake gani, shi kuwa mai goyon baya minti 90 yake gani duk mako, kuma a cikin mintocin nan tazarar maki ba ta hana ciki kaɗawa. Ka tuna wasan gidan Aston Villa a farkon Nuwamba 2019. Trezeguet ya ci tun a zagayen farko, aka yi ta bugawa ƙwallo ta ƙi shiga, sai a minti na 87 Robertson ya farke da ka, sannan cikin ƙarin lokaci Trent ya bugo kwana Mane ya sunkuya ya goga mata kai ta wuce can ƙarshen raga. A teburi maki uku ne kawai kamar kowanne, amma duk wanda ya kalla ya san yadda ƙirjinsa ya yi a ranar. Mako ɗaya bayan nan kuka doke City 3-1 a Anfield. Ni a ganina ranar da su kansu 'yan cikin filin suka yarda ita ce 19 ga Janairu 2020, lokacin da Alisson ya cillo wa Salah doguwar ƙwallo a ƙarshen wasan Manchester United, Salah ya ci ya tuɓe riga, shi kuma golan ya taso da gudu tun daga ragarsa ya zo ya zame da gwiwa a gabansa, nan ne jama'ar Kop, wato ɓangaren 'yan kallo da ke bayan raga a Anfield, suka fara rera cewa yanzu kam za su ci lig. Kafin nan su ma shiru suke irin naka.

Sai kuma korona ta zo ta gaskata tsoronka. An dakatar da lig ranar 13 ga Maris kuna da maki 82 a wasa 29, tazarar 25 tsakaninku da City, aka fara maganar ko a soke kakar baki ɗaya. Kuma ba zancen wasa ba ne, don a Holan haka aka yi, aka rufe babu zakara duk da Ajax na sama, a Faransa kuwa aka tsayar aka ba PSG. Wata uku kuna zaman jira ba ku san makomarku ba.

Maganar kofin korona kuwa, haba, neman magana ne kawai na abokan adawa kuma su ma sun sani. A wasa 27 na farko kun ci 26 kun yi canjaras ɗaya a Old Trafford, duk a gaban 'yan kallo, sai ranar 29 ga Fabrairu Watford ta lallasa ku 3-0. An gama aikin tun kafin a kulle filaye. Kun ƙare da maki 99, City 81, kuma saura wasa bakwai aka tabbatar. Abin da korona ta ƙwace muku biki ne. Ranar 25 ga Yuni ba ku ne ma a fili ba, Chelsea ce ta doke City 2-1, 'yan wasanku a talabijin suka kalla kamar kowa. Henderson kuma ya ɗaga kofin ranar 22 ga Yuli a kan kujerun Kop da babu kowa, ga wuta ga kiɗa amma ba mutane. Wannan kam da ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

TAMBAYA: Malam mun yi musu da yayana har aka daina yi wa juna magana a guruf, ni na ce kofin Liverpool na 2025 ya fi daɗi shi ya ce na 2020. Ka raba mu don Allah.
Daga ƙanwarku a filin nan.

AMSA: Ƙanwata ki yi haƙuri, a ƙwallo yayanki ya fi ki gaskiya, ƙungiyar Klopp ta 2020 ta fi ƙarfi nesa, maki 99 ina zai haɗu da 84. Amma tambayarki daɗi ce ba ƙarfi ba, a nan kuwa ina bayanki. Ranar 27 ga Afrilu 2025 Anfield cike take, canjaras kawai ake buƙata da Tottenham, Solanke ya fara cin Liverpool don dai a ɗan tuna wa mutane fargabar da suka saba, sannan aka zazzaga wa Tottenham biyar. Salah ya ci tasa ya karɓi waya ya ɗauki hoto da jama'a a bayansa. Ga shi kofi na 20 ne, an kamo Manchester United, kuma a kakar farko ta Arne Slot da ba wanda ya sa musu rai bayan tafiyar Klopp. Ki gaya wa yaya kowa ya riƙe nasa, ku koma magana.

TAMBAYA: Ni ƙaramar ƙungiya nake goyon baya, ba zan faɗi sunanta ba kar a yi min dariya. Kullum fafutukar kar mu faɗi muke. Anya irin mu za mu taɓa ɗanɗana wannan abu?

AMSA: Da wuya ɗan'uwa, kuɗi ne ke magana a ƙwallon yanzu, ba zan yaudare ka ba. Amma ka tambayi 'yan Leicester. A farkon Afrilu 2015 su ne na ƙarshe a teburi, suka ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe suka sha da ƙyar. Kakar da ta biyo baya kamfanonin caca suka sa musu 5000 da 1, wato dai ba mai yiwuwa ba ne, sai ga Ranieri da Vardy da Mahrez da Kante sun tara maki 81, wasa uku kacal suka rasa, Vardy ma ya jera wasa 11 yana cin ƙwallo. Abin dariya su ma Chelsea ce ta ƙarasa musu aiki, ta yi 2-2 da Tottenham ranar 2 ga Mayu 2016, 'yan wasan na taru a gidan Vardy suna kallo. Shi ma Ranieri wata da watanni ya yi yana cewa burinsu maki 40 ne don kar su faɗi, ka ga ashe har koci yana fama da ciwon mai tambayarmu na farko. Leverkusen ma ba ta taɓa cin lig ɗin Jamus ba sai 2024, ta kuma ci ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Sai dai fa Leicester ɗin nan ta faɗi daga Firimiya a 2023, don haka ka ci gaba da ƙirga makinku 40 tukuna. Kuma a wasiƙa ta gaba ka faɗo sunan ƙungiyar, ba za mu yi dariya sosai ba.