Tambayi Likita: Lokacin Motsa Jiki da Maganar Rage Tumbi

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan motsa jiki suka zo, kuma abin ya faranta mini rai ƙwarai. Na tsamo guda huɗu.

Likita, ni ma'aikacin ofis ne, shekaruna 41. Abokina ya ce duk wanda bai motsa jiki da sassafe ba wahalar banza yake sha. Ni kuwa sai na tashi daga aiki nake samun sarari. In haƙura ne?

Malam, kada ka haƙura, abokinka ya yi zuzutawa. Jiki ba ya duba agogo kafin ya amfana. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi, a ƙa'idojinta na 2020, shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, irin tafiyar da za ta sa ka haki amma kana iya magana, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ba ta ware wata sa'a ba. Hasali ma da yamma ɗumin jiki yake kaiwa ƙololuwa, gaɓoɓi sun saki, tsoka ta fi ba da ƙarfi. Falalar safiya ita ce hidimar yini ba ta riga ta cinye lokacinka ba. Tunda yamma ce ta ba ka sarari, riƙe ta gam. Sai dai ka bar aƙalla awa ɗaya tsakanin atisaye mai tsanani da kwanciya, don bugun zuciya ya lafa, barci ya samu.

Wata uku ke nan kullum ina tashi da asuba in yi kwanta-tashi sau 100 don tumbina ya ragu. Tumbin yana nan, yanzu kuma bayana ya fara ciwo. Ina na kuskure?

Ɗan'uwa, ka yi ƙoƙari, kuma ba naci ne ya gaza ba, hanyar ce. Tsoka daban, kitse daban. Idan kana kwanta-tashi, tsokar ciki ce take aiki, amma makamashin da take ƙonawa daga ko'ina a jiki ake ɗebo shi, ba daga kitsen da ke kwance a kanta ba. Shi ya sa za ka ga mutum cikinsa da ƙarfi, amma teɓa ta lulluɓe. Tumbi yana sauka ne in abin da jiki ke ƙonawa ya zarce abin da ake ci: rage yawan ci, tafiya da sauri, isasshen barci. Ka auna ƙugunka daidai saman cibiya. Abin so kada ya kai rabin tsayinka.

Ciwon bayan shi ya fi damuna. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayen guringuntsi masu tsotsar ruwa da dare, har mutum yakan wayi gari ya ƙara kusan santimita ɗaya a tsayi. A wannan lokacin sun kumbura, ba sa son lanƙwasa. Kai kuma a daidai sa'ar kake naɗe su sau ɗari. Ka jinkirta duk atisayen sunkuyo sai ka yi kamar awa ɗaya da tashi.

Mutane da yawa sun ɗauka tsokar gaba ce kaɗai tsakiyar jiki. Alhali ɗamara ce guda: tsokar gaba, ta gefen haƙarƙari, wata ta can ciki da ta zagaye ciki kamar bel, tsokokin baya, da na ƙasan mara. Babban aikinsu riƙe ƙashin baya ne kada ya gurɗe idan ka ɗaga kaya ko ka juya. To sai a horar da su a kan riƙewa.

Gwada falanki. Yi rub da ciki, ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jikinka ya miƙe sumul daga ƙeya zuwa diddige. Matse ɗuwawu, ɗaure ciki kamar wanda za a kai wa naushi, kana numfashi. Daƙiƙa 20 sun isa farko. Da ka ji ƙugu ya fara lotsawa ƙasa, sauka, an gama. Abin da ya biyo baya bayanka ne zai biya. Sai falanki na gefe, wato ka kwanta ta gefe ka ɗaga ƙugu kana dogare da gwiwar hannu ɗaya, ko da a kan gwiwa ne. Sai kuma ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka miƙa hannun dama da ƙafar hagu, ka riƙe daƙiƙa 10, ka sauya. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Amma idan ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, ko fitsari ya fara ƙwace maka, ajiye atisaye ka je asibiti a ranar.

Wata huɗu da haihuwata. In na ɗago daga kwance sai in ga tsakiyar cikina ya tsiro kamar kunyar gona. Zan iya fara atisayen ciki?

Malama, barka da arziki. Wannan rabuwar tsokar gaba ce, juna biyu ke kawo ta, kuma mata da yawa suna samunta. Kwanta rigingine, tanƙwara gwiwa, ɗan ɗago kai, ki danna yatsunki saman cibiya. In yatsu biyu ko fiye sun nutse a ramin, bar kwanta-tashi da falanki tukuna. Fara da mai sauƙi: fitar da numfashi a hankali kina jan cibiya ciki, kina matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, daƙiƙa 5, sau 10. In za ki tashi daga gado, mirgina gefe ki tura da hannu. Ina roƙonki ki bari likita ko mai gashin ƙashi ya duba ki, musamman in tiyata aka yi miki, ko fitsari na zubowa idan kin yi tari. Wannan ana magance shi, ba abin jin kunya ba ne.

Ina da hawan jini. Motsa jiki kafin cin abinci ya fi, ko bayan ci?

Baba, in ka ci da yawa, jira awa biyu zuwa uku kafin motsi mai ƙarfi. Tattaki a hankali kuwa ko bayan ci yana da kyau, har yana taimakawa wajen daidaita sukarin jini. Abu ɗaya nake ja maka kunne a kai: kada ka riƙe numfashi wajen yunƙuri, domin yana harba jini sama nan take. Riƙa ƙirga da baki, zai tilasta maka numfashi. Ci gaba da shan maganinka, ka gaya wa likitanka kafin ka fara, kuma in ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka, tsaya nan take a kai ka asibiti.