Ana iya daskarar da maniyyin kifi ya yi shekaru bai lalace ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne ana daskarar da maniyyin kifi don kada iri ya ɓace. Gaskiya ne, tun 1953 aka fara gwada shi a kan kifin teku.

Sai dai firizar gida ba ta wannan aikin. Ana matso maniyyin ne a busasshen kwano, domin da zarar ruwa ya taɓa shi sai ƙwayoyin su farka, cikin minti ɗaya ko biyu ƙarfinsu ya ƙare. Daga nan a gauraya shi da sinadarin da ke hana ƙanƙara tsaga ƙwayoyin, a ɗura a 'yan siraran bututai, a nutsa su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

A 1992, kifin salmon namiji ɗaya tilo ne ya dawo daga teku zuwa tafkin Redfish da ke jihar Idaho a Amurka don haihuwa. Bai tarar da mace ba. Aka daskarar da maniyyinsa, daga baya aka yi ƙyanƙyasa da shi, irinsa bai yanke ba. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a nan gida, da sai sun farke cikin namiji kafin su samu maniyyi, za su gane amfanin abin.

Matsalar tana wajen ƙwai. Ƙwan kifi babba ne, ga gwaiduwa, ba ya jure daskarewa. In matan suka ƙare a kogi, maniyyin da aka daskarar ba shi da ƙwan da zai haɗu da shi.