Filin Tambaya da Amsa: Agogon Alhaji ya tsaya, in sa masa injin batir?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Mahaifina bafataken goro ne a nan Kumasi, Allah Ya yi masa rasuwa bara. Cikin abin da ya bari akwai agogon hannu Seiko 5 da ya sayo a Makka lokacin da ya sauke farali a 1979. Bayan rabon gado ƙannena suka ce in riƙe shi. Ya fi shekara 15 a cikin adaka, tun da idon Alhaji ya yi rauni. In na girgiza shi sai ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya. Gilashin ya dushe, fuskar ta yi ja-ja, gefensa ɗaya ya loɓa. Wani mai gyara ya ce a cire injin a sa na batir, a canja fuska, a goge jikin ya koma sabo fil. Burina in ba ɗana shi ranar aurensa. Me ka gani?

Mai karatu daga Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya kai haske kabarinsa, Ya saka wa ƙannenka da alheri.

Daga yau ka daina girgiza shi. Na san daɗin da kake ji in ka kara shi a kunne ka ji yana bugawa, amma man da ke ciki ya daɗe da bushewa. Injin irin wannan agogo yana bugu sau shida a daƙiƙa, wato 21,600 a awa, kuma 'yan sandunan da ƙananan faya-fayai masu haƙora ke juyawa a kai ba su fi silin gashi kauri sosai ba. Kowace girgiza ci take yi musu, kamar a tayar da injin niƙa ba mai. Wannan ɗan motsin da yake yi kuwa albishir ne, domin ya nuna injin da ransa.

Maganar batir ban yarda da ita ba ko kaɗan. Injin batir ba ya zama daidai a mazaunin wancan, sai an yanke ƙafafun fuskar an manna ta da gam, sau da yawa a canja hannuwan ma. Ainihin injin kuma ya koma aljihun teburin mai gyara, a riƙa cirar kayansa ana gyaran na wasu. Me ya rage na Alhaji a nan? Tun 1963 kamfanin Seiko yake fitar da wannan samfuri, an yi su da yawan gaske, saboda haka kayan gyaransa ba su yi wuyar da za a ce sai an zubar da injin ba.

Abin da yake bukata wanki ne na gaskiya. A warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane, a duba wanda ya ci, a ɗiga sabon mai da bakin allura, a mayar. Ka tambayi mai gyara kai tsaye: “Za ka warware shi gaba ɗaya?” In ya ce ka zaga kasuwa ka dawo bayan La'asar, karɓi kayanka. Tsoma shi zai yi a fetur ya busar, agogo ya yi wata biyu yana tafiya ya sake tsayawa. Aikin kirki yana cin kwanaki, don bayan an haɗa sai an sa masa ido, a kwantar da shi ta baya, a kife shi, a jingine shi ta gefe, a ga inda yake gudu ko yake lattin. Ka ɗauki hotonsa ciki da waje a gaban mai gyaran, ka kuma ce duk abin da aka cire a dawo maka da shi. Tsoron da mutanenmu suke yi na satar duwatsu 17 ko 21 da aka rubuta a fuska, ka kwantar da hankalinka. Yakutu ne na masana'anta, an sa su don rage gogayya, ba su da kuɗin da za a sace su.

Fuska da jiki kuwa, a bar su yadda suke. Ina yaron shago a unguwar Alabar ta Kumasi wata dattijuwa ta kawo agogon mijinta da ya rasu. Maigidana ba ya nan, ni kuma ina son in nuna gwaninta, na ɗora shi a kan dutsen guga har wani tabo da ke kusa da ƙarfe tara ya ɓace. Da ta dawo ta karɓa, sai ta sa babban yatsa tana laluben wurin, ta juya shi, ta sake lalube. Ta ce ranar da motar goro ta kife da su a hanyar Tamale ya samu wannan tabon, kuma shi yakan nuna wa yara in yana ba su labarin yadda Allah Ya kuɓutar da shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta biya, ta ƙulle shi a bakin mayafi ta tafi. Fiye da shekara 40 ke nan, ban sake goge jikin agogon gado ba sai mai shi ya nace. Ka tambayi Hajiya ko ƙannen Alhaji asalin wannan loɓawar tun suna raye.

Gilashi ne kawai zan yarda a taɓa. In na roba ne yana goguwa ya yi garau, in ya tsage a canja a ba ka tsohon. A kuma canja zoben robar murfin baya da na kan murɗi, wato ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi, domin sun sandare. Ko an canja, kada ka yi alwala da shi. Danshin Kumasi da damina ya ishi agogo, tsatsa kuma in ta shiga ba ta sallama.

Duba tagar kwanan wata. Da yawa daga waɗanda alhazai suka sayo a Saudiyya suna nuna ranar mako da Larabci da Turanci. In nasa haka yake, ka ja kunnen mai gyara kada a musanya wannan faifan. Kada kuma ka gyara rana ko kwanan wata tsakanin tara na dare da huɗu na asuba, lokacin haƙoran canjin suna riƙe da faifan, tilasta shi na iya karya su. Murɗa kansa ba ya ba shi ƙarfi, motsin hannu ne abincinsa. In ya ƙoshi yakan yi kusan awa 40 a ajiye. In yana ƙara ko rage rabin minti a rana, lafiyarsa lau.

Yanzu juya bayansa. Akwai lamba mai guda shida. Ta farko ƙarshen shekarar da aka ƙera shi ce, ta biyu wata, daga 1 zuwa 9, sai harafin O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. In ka ga ta fara da 83, tun da a 1979 aka saye shi, watan Maris na 1978 ke nan. Ka rubuta wannan a takarda, da shekarar hajjin, da labarin loɓawar in ka samo, ka haɗa da tsofaffin kayan da aka cire a cikin adakar. Bayan an gyara shi, kafin ranar auren ka riƙa ɗaura shi kana zuwa masallacin Juma'a, don yaron ya saba ganinsa a hannunka.